Safar Hannu ga Yaron da Hannunsa Ya Shanye

Kafin a buɗe akwatin zubi, ina roƙon ku ba ni aron kunnuwanku kan yaran da aka haifa da hannu ɗaya a shanye, tunda ga hunturu ya kawo kai.

Wannan lalura ba shan-inna ba ce, ba kuma iska ba. Akwai jijiyoyi guda 5 da ke fitowa daga wuya, su bi ta kafaɗa su sauka cikin hannu. Su ne ke kai saƙon motsi, su ne kuma ke sa a ji zafi ko sanyi. Idan kafaɗar jariri ta maƙale wajen haihuwa, musamman in yana da girma, jijiyoyin kan miƙe fiye da kima, wani lokaci har su tsinke. Sai a ga hannun ya saki, ya juya ciki.

To, me ya kawo maganar safa? Hannun nan ya fi ɗan'uwansa saurin yin sanyi, kuma a wasu yaran ba ya jin ciwo sosai. Yaro zai iya tauna yatsunsa har jini bai yi kuka ba. Safa tana rage sanyi, tana kare yatsu daga haƙori. Matsalar ita ce ba ta zama. Hannun ya fi ɗayan ƙanƙanta, yatsun ba sa damƙewa, kafin ki juya ta zame ta faɗi a tsakar gida.

Ni dai ban ga amfanin sayen mai gidan yatsu biyar ba. Sai kin yi gumi kafin ki zura yatsun da ba sa miƙewa, kuma kina iya lanƙwasa ɗaya ba ki sani ba. Ki nemi safar ƙafa ta auduga ko ta ulu, doguwa, ko ta gwanjo ce a wanke. Ki zura masa har ta wuce gwiwar hannu, sannan ki sa rigar sanyi a kai. Ki ɗinka maɓalli a hannun rigar, ki yi wa safar 'yar kafa ta zare ki maƙala. Maɓallin ya ɗinku da kyau, kar ya ɓalle yaro ya kai baki. Masu kwarashi a cikinmu, ku saƙa ta daidai da ƙaramin hannun, ba da mai lafiyar ba.

Abin da nake roƙo da babbar murya: kar a ɗaure da robar ɗaure kuɗi ko tsumma a wuyan hannu. Ai ba zai ce miki ta matse shi ba, jini kuwa ya tsaya. In ɗan yatsanki bai shiga tsakanin safa da fata ba, ta yi matsi. Kar kuma a haɗa safa biyu da doguwar igiya ta bayan wuya, tana iya shaƙe shi. Sannan safa ba ta hana ƙuna. Ta nailan ma narkewa take ta manne da fata, don haka wajen jin ɗumi a zaunar da shi nesa da murhu.

Safe da yamma a cire a duba: kumburi, rauni, ko farce ya canza launi. Da rana ta yi ɗumi a bar hannun a sake, domin sai yana gani yana taɓawa yake koyon aiki da shi.

Yara da yawa suna samun sauƙi a watannin farko idan ana kai su sashen gashi a asibiti, ana kuma yi musu motsin da aka koya a gida. Amma in jariri ya kai wata 3 bai iya lanƙwasa gwiwar hannu ba, a nemi takardar zuwa babban asibiti, irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. Na san kuɗin mota ne ke tsayar da mu. Shi ya sa nake ba da shawara a sa wannan cikin abin da asusun taimakonmu zai ɗauka. Shugaba, in kin amince, sai a ji ra'ayin kowa yau kafin a tashi.