Lauyan Sarki Da Babban Lauyan Nijeriya: Jawabi A Taron Ƙungiya Na Sabo, Ibadan



Dalilin wannan jawabi shi ne gardamar da ta tashi a zaman da ya gabata a kan shari'ar rumfunanmu. Waɗansu sun ce a tara kuɗi a ɗauko lauya mai SAN a bayan sunansa, wai da ya shiga kotu magana ta ƙare. To, mu 'yan kasuwa ne, ba ma sayen kaya sai mun kwance ɗauri. Bari mu kwance wannan mu gani.

Asalin abin daga Ingila yake. Can akwai muƙamin girmamawa da fadar sarki take ba manyan lauyoyi, ana kiran mai shi Lauyan Sarki, wato KC, in kuwa mace ce a kan gado sai a ce Lauyan Sarauniya, wato QC. Wanda aka fara ba shi ne Francis Bacon, a zamanin Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, yau fiye da shekara 400 ke nan. Tun wajen 2005 wani kwamiti mai zaman kansa ke tantance masu nema, ya miƙa sunaye ga ministan shari'a, sannan sarki ya amince a ba su takardar naɗi. Kamar yadda rawani yake a wurinmu, su alkyabbar siliki ce alamar, kuma a kotu layin gaba suke zama. Ranar 8 ga Satumba 2022 da Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta rasu ɗanta Charles ya hau, nan take duk masu QC suka koma KC, ba tare da sabon naɗi ba.

To ina ruwanmu? Ai mu ma Turawa sun kawo mana shi. A 1958 aka naɗa 'yan Nijeriya na farko, Cif Rotimi Williams da Cif H. O. Davies. Shi Williams ɗin a nan Ibadan ya riƙe ministan shari'a na tsohuwar Jihar Yamma. Da ƙasa ta zama jamhuriya a 1963, sarauniya ba ta da sauran iko a kanmu, sai muƙamin ya faɗi. A 1975 aka kafa namu na gida, Babban Lauyan Nijeriya, wato SAN, aka fara da Williams ɗin da Dokta Nabo Graham-Douglas. Mace ta farko kuwa, Folake Solanke, a 1981 ta samu, kuma a garin nan take da ofis. A nan ba sarki ke naɗawa ba, kwamiti ne a ƙarƙashin Alƙalin Alƙalan Ƙasa, kuma sai lauya ya yi aƙalla shekara 10 yana aiki kafin ya nema.

Jama'a, ga inda gizo yake saƙa. Muƙamin nan shaida ce cewa mutum ya ƙware, ba mu musa ba. Yana zama a gaba, ana kiran shari'arsa kafin ta saura. Amma alƙali ba riga yake dubawa ba, hujja yake dubawa. Kuma kuɗin babban lauya babba ne, galibi ma ba shi kaɗai yake zuwa ba, da ƙaramin lauya a bayansa.

Mu da kanmu mun ɗanɗana. Shekarun baya mun yi karo-karo, har waɗansu suka taɓa jarinsu, muka je wurin wani babban lauya a kan wani fili. Tambayarsa ta farko ita ce, ina takardar ciniki? Muka ce ai dattawa ne suka yi magana baki da baki. Ina shaidu? Duk sun riga mu gidan gaskiya. Ya ce mana gaskiya ba shi da abin da zai tsaya a kai. Filin nan haka ya tafi muna kallo.

Saboda haka shawararmu uku ce. Na ɗaya, kafin ranar Juma'a kowa ya kawo wa sakatare rasit ɗin haya da duk wata takardar yarjejeniya da take hannunsa, ko da ta yage. Na biyu, mu fara da lauyan da muke iya biya, in shari'a ta kai ɗaukaka ƙara sai mu sake zama. Na uku, wanda ya fi duka, mu bar yaranmu a makaranta. Mun fi shekara 100 a Sabo, bai kamata a ce kullum sai mun yi aron bakin da zai yi magana dominmu ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya da masu masaukinmu, Ya sa albarka a kasuwa. Wassalamu alaikum.