Baƙin da suka sauka a ƙasar Maraɗi: me masana suka koya muna?

 

Tun 2019 dubban mutane daga Zamfara, Sakkwato da Katsina suka tsallako iyaka zuwa jihar Maraɗi saboda ƴan bindiga. Kafin motar HCR ta iso, mutanen ƙauyuka ne suka buɗe musu rumbu, suka ba su ɗaki. Daga baya aka zaunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakori, kusa da mutanen gari.

To, mene ne haɗin wannan da karatun jami'a? Ku saurara.

Masana tarihi sun nuna cewa Maraɗin nan Katsinawa ne suka kafa ta bayan sun baro garinsu lokacin jihadi, kamar yadda Gobirawa suka kafa Tibiri. Iyakar da ta raba mu kuwa, Faransa da Ingila suka shata ta. Ke nan wanda ya zo daga Jibiya ko Sabon Birni, sau da yawa wurin danginsa ya zo.

A 1969 Abner Cohen ya rubuta yadda Hausawan Sabo a Ibadan ke karɓar baƙo ta hannun maigida, wanda ke ba shi masauki ya kuma tsaya mishi a kasuwa. A 1986 Barbara Harrell-Bond ta wallafa nazarinta kan ƴan Yuganda da suka gudu kudancin Sudan, ta nuna cewa taimakon da ake tsarawa ba da shawarar mai karɓa ba yana iya kashe mishi zuciyar neman na kansa.

Ga inda aikinku yake. Buhun hatsi yana ƙarewa, amma maganar gona da rijiya tana nan, kuma a nan rigima ke tashi. Ku da kuka yi lakwal, ku je ku zauna da baƙin nan. Ku tambayi sana'ar kowa: manomi ne, maƙeri ne, ko malami? Ku rubuta. Ku kai wa maigari, ku nemi wanda zai ara gona ko ya ɗauki yaro koyon aiki. Ku sa ido kada ɗiyansu su rasa makaranta.

Manzon Allah (SAW) ya ƙulla ƴan uwantaka tsakanin Muhajirai da Ansaru, mutum da mutum. Kowannenku ya nemi gida ɗaya da zai tsaya wa.

Allah ya ba mu zaman lafiya.