Hular buji ta ƙi fita? Kada ku ja waya

Jawabin da wani makanike na tashar Baleyara ya yi wa masu karatun yaƙi da jahilci.

  Malaminku ya ce in zo in yi muku magana a kan sana'ata. Na zaɓi abu ƙarami, amma ya taɓa ja mini hasara.

Kun san buji. Shi ke kunna wuta cikin inji, esansi ya ƙone, mota ta tafi. Motar gazuwal ba ta da irinsa. Motar esansi tana da shi, babur yana da shi, injin ban ruwa na masu lambu a Dallol Bosso ma yana da shi. A kan kowane buji akwai hula ta roba, waya tana haɗe da ita. Kafin a kwance buji, sai an cire hular nan. To, zafin inji da ƙurar ƙasarmu suna busar da roba, ta manne wa buji kamar ƙanzo a gindin tukunya.

Lokacin da nake yaron mota, wata Lahadi, ranar kasuwarmu, mun yi lodin raguna a wata tsohuwar Peugeot 504, za mu Yamai. Inji ya kama ɗingishi. Maigidana ya ce in duba buji. Hula ta ƙi fita, mai kaya yana ta gaggawa, sai na kama waya na fizge. Ta tsinke a hannuna. Muka zaga tasha duka, ba mu samu irinta ba. Sai da aka aika Yamai, tafiyar kusan kilomita 100. Mai raguna ya sauke dabbobinsa, ya shiga wata mota. Kuɗin ranar ya tafi, ni kuma na sha faɗa.

Ga yadda na koya bayan wannan.

Da farko ku kashe inji, ku zare makulli. Wutar da ke bi ta wayar nan ta fi bolt 10,000, tana girgiza mutum sosai. Ku bari inji ya huce, har ku iya ɗora hannu a kansa.

Sannan ku kama hular kanta, can ƙasa kusa da buji, ba waya ba. Ku murɗa ta dama kaɗan, ku murɗa ta hagu kaɗan, sau da yawa. Za ku ji ta saki. Sai ku ja ta sak, yadda buji ya miƙe, kada ku karkata. Idan yatsu ba su kai ba, ku naɗe bakin awartaki da tsumma, ku riƙe a hankali. Wanda ya matse da ƙarfi zai fasa farin jikin buji. Idan roba ta yage, guntunta ya tsaya cikin rami, ku lanƙwasa bakin siririn ƙarfe kamar ƙugiya ku jawo shi.

Me ya sa nake ta cewa waya? Yawancin wayoyin motoci ba jan ƙarfe ne a cikinsu ba, wani baƙin zare ne mai saurin tsinkewa. Tawa ta tsinke na gani. Wata takan tsinke a ciki, bayanta lafiya lau. Mota ta riƙa shan mai, ba ƙarfi, mutum ya yi ta sayen buji, alhali ciwon yana cikin waya.

Kada ku zuba esansi ko baƙin mai don hula ta yi santsi. Suna lalata roba. Na san wasu abokan aikina suna yi, ni ban yarda da shi ba.

Idan hula ta fita, kada ku yi saurin sa kile. Ku hure yashin da ke kewaye da buji tukuna. In ya faɗa cikin inji, gyaransa ya fi kuɗin waya nesa.

Mai mota, ka cire waya ɗaya, ka gama da ita, ka mayar, sannan ka taɓa ta biyu. Kowace tana da wurinta. In suka cakuɗe, inji zai yi ta tari ko ya ƙi tashi. Ku da kuka iya rubutu yanzu, ku ɗaura wa kowace 'yar takarda: 1, 2, 3, 4.

Wajen mayarwa, ku danna hula har ku ji ta ce ƙas. In ta tsage ko ta bushe kamar ƙirgi, ku saya sabuwa kafin ku kama hanyar Bonkuku ko Filinge.

Na zo da tsohon buji da hularsa. Baba, bismilla, kai za ka fara murɗawa.