Abin da Ɗalibi Ke Gani a Kamfanin Auduga

Jawabin da wani ɗalibi mai koyon aikin injiniya, ɗan manomi, ya yi wa manoman auduga bayan ya komo daga koyon aiki na dogon hutu.

 

Na san a cikinku akwai waɗanda 'ya'yansu ke manyan makarantu a Marwa ko Ngaundare, na kuma san abin da ke damunku game da su. Dogon hutu ya kan faɗo a tsakiyar damina, daidai lokacin da ciyawa ke neman cinye auduga. Kuna sa rai yaro zai komo ya kama fartanya, sai ya ce makaranta ta umurce shi ya tafi koyon aiki a kamfani, watau abin da masu Faransanci ke kira istaj. Uba ya ga an raba shi da hannu guda, ga shi ba albashi za a kawo masa ba. Wannan rashi ne na gaske, ba na musun haka. Amma ni na yi nawa koyon a Sodecoton, ina so in gaya muku abin da a ke samowa, ku auna da kanku.

Kun san kamfanin. An kafa shi a 1974, ya gāji aikin da kamfanin Faransa mai suna CFDT ya fara a arewacin Kamaru tun farkon shekarun 1950. Babban ofishinsa yana Garwa, yana da injinan gurza a garuruwa kamar su Garwa, Marwa, Kaele, Gidar da Tuboro. Mu dai a ƙauye iyakar saninmu da shi sikeli ne da babbar mota. Abin da ke bayan nan shi ne ɗalibi ke shiga ya gani.

To, abu na fari da zai ba yaro mamaki, in ya isa a watan Yuli, shi ne shiru. Gurza aikin rani ne, bayan an ciri auduga an kai kasuwa. Da damina kuwa injin yana kwance, makanikai sun warware shi gaɓa-gaɓa suna gyara. Kada ku ce an yi hasarar zuwa. Wanda ya ga inji yana gudu ƙara da ƙura kawai ya gani. Wanda ya gan shi a warware shi ya ga cikinsa.

Ga yadda ya ke. Akwai zartuna masu kamar faifai, fiye da ɗari, an jera su a kan sandar ƙarfe guda, suna juyawa tsakanin waɗansu haƙarƙarin ƙarfe. Haƙoran zarto su kan fizgi audugar su wuce da ita ta 'yar kafa wadda angurya ba ta iya bi, sai angurya ta zube ƙasa, buroshi kuma ya share audugar daga haƙoran. An yi waɗannan haƙora don abu mai laushi. Makanikai sun nuna mini zartunan da a ke cirewa, waɗansu sun lanƙwashe, waɗansu sun yi giɓi kamar bakin tsoho. Tsakuwa ce, da ƙusa, da guntun waya, waɗanda su ka zo a cikin kaya daga kasuwannin ƙauye. Ba ɓarnar zarto kaɗai ba, ƙarfe in ya gogi ƙarfe ya kan yi tartsatsi, kun kuwa san abin da ke tsakanin auduga da wuta.

Haka kuma batun ruwa. Wanda ya yayyafa wa audugarsa ruwa don ta yi nauyi a sikeli, ya sani jiƙaƙƙiyar auduga ta kan toshe inji, ta kan yi rawaya a ajiye, angurya kuma ta yi zafi ta ruɓe. Kilon da ya ƙara a sikeli zai rasa shi a lamba.

Amma abin da ya fi tsaya mini a rai buhun taki ne, irin na leda da a ke saƙawa. Kowa yana da shi a gida, ga sauƙi, sai a riƙa cirar auduga a ciki. Zarensa guda in ya shiga kaya ba ya karya kome, ba wanda zai ji ƙararsa. Inji ne ma zai yayyaga shi ya zama siraran gashi, ya bi cikin dila, a ɗauka a mota zuwa Ngaundare, a jirgin ƙasa zuwa Duwala, a jirgin ruwa zuwa masaƙun Bangaladesh ko Sin. Can a kaɗa shi cikin zare, a saƙa yadi, a kai rini. Leda ba ta kama rini kamar auduga. Sai a ga farin layi ya fito a yadin da an riga an kashe masa kuɗi. Mai masaƙa bai san sunan manomi ba, sunan ƙasa ya sani, shi zai rage wa daraja, har da ta wanda ya yi aikinsa tsab. Don Allah, iyayena, a ciri auduga a buhun yadi ko a kwando, a ɗaure da igiyar da ba ta leda ba.

In an gurza kilo 100 na audugarku, a kan sami kimanin kilo 40 zuwa 42 na gurzajjiya. Fiye da rabi angurya ce, ragowar datti. A kan matse gurzajjiya dila-dila, kowace ta haura kilo 200, a yanki ɗan samfuri a kai wa masu duba tsawon zare da ƙarfinsa da haskensa. Angurya kuwa ta tafi injinan mai na Garwa da Marwa. Man Diamaor da iyayenmu mata ke miya da shi daga nan ya ke fitowa, tunkuzar kuma ta zama abincin shanu.

Ba a ɗakin inji kaɗai ɗalibi ke tsayawa ba. Na bi malaman gona cikin gonaki, na koyi ƙirgar tsutsa a kan tushe-tushe, da juya ganye a duba bayansa. Wannan dubawa ta ƙara muhimmanci tun 2022, shekarar da wani ɗan ƙwaro kore mai tsotsar ganye, wanda a ke kira jasid, ya yi mummunar ɓarna a Mali da Kodebuwa da Burkina Faso. A bayan ganye ya ke ɓuya. Kafin ka ga gefen ganye ya yi rawaya, ya ja, ya nannaɗe, ya riga ya ci rabonsa. Wanda ya tsaya a bakin gona ya hango kore shar bai duba gonarsa ba.

Akwai kuma abin da babban kamfani ke koyarwa ba da baki ba. Ana zuwa a kan lokaci. Kome a ka ɗauka a sito sai an rubuta. Wani tsohon makanike da na zauna ƙarƙashinsa bai yi karatu mai nisa ba, amma in ya kanga kunne ga ƙarfe mai juyi zai gaya maka inda ciwon ya ke. Yaron da ya tafi da girman kan takarda, yana jira a ba shi kujera a ofis, zai komo kamar yadda ya tafi. Ku gaya masa haka tun daga gida, ya fi jin ta bakinku.

Saboda haka in ɗanku ko 'yarku ya zo da wannan magana, ku sa shi ya karɓi takardar makaranta ya kai roƙonsa tun da rani, don masu nema suna da yawa. Ku nema masa masauki wurin ɗan'uwa ko wani amintacce a garin, ku haɗa masa ɗan guzuri. Noman da zai bari kuwa, a yi shawararsa tun kafin shuka, ko gayya ko ƙodago. Sa'an nan in ya komo kada ku bar shi da gaisuwa kawai. Ku ɗauko takardar bashin taki da magani ta ƙungiyarku, da takardar awo ta bara, ku ajiye a gabansa, ya karanta muku layi-layi, ya nuna muku abin da a ka cire da abin da ya rage. In kaka ta yi, ku tafi da shi bakin sikeli.

 Allah ya ba mu damina mai albarka.