Jawabin ɓangaren masu katako da kayan aikin kafintoci a taron cikar shekarar ƙungiya

 

Mu ne masu rumfunan katako da kusa da zarto, kuma mun san a kasuwar Malanville ba mu ake fara ambata ba. Masu albasa da masara da atamfa sun fi mu yawa, sun fi mu jari. Amma da aka ba mu damar magana a bana, mun zauna mun yi shawara cewa ba za mu cika ku da lissafin nasarori ba. Magana ɗaya muka zo da ita: kayan aiki ba kamar sauran haja ba ne, domin wanda ya saye su da su zai ci abinci. In ka sayar wa mutum buhun masara mai ƙwari, ya yi asarar buhu ɗaya. In ka sayar wa kafinta injin da zai ƙone a mako na biyu, ka rufe masa shago, ka sallami yaran da ke koyon aiki a wurinsa, ka bar shi da bashin wanda ya ba shi kuɗin gadon amarya.

Dattawan da ke cikinmu sun ga abubuwa da yawa a kan wannan iyaka. Sun ga karyewar darajar sefa a Janairun 1994, lokacin da kuɗin duk wani ƙarfe da ake shigowa da shi daga Turai ya tashi dare ɗaya. Mun ga Najeriya ta rufe iyakokinta na tudu daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. Sannan bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023, aka toshe gadar da ta haɗa mu da Gaya. Ko da Cedeao ta ɗage takunkumi a Fabrairun 2024, Nijar ba ta buɗe nata ɓangaren ba, kaya suka ci gaba da haye kogi cikin kwale-kwale.

Abin da wannan rufewa ta sauya mana shi ne yadda ake ciniki. A da kafintan Gaya ko na Dosso yakan zo da ƙafarsa ranar kasuwa, ya ɗaga falanki ya ji nauyinsa, ya duba haƙoran zarto, ya ce a kunna masa inji ya saurari kukansa. Gani ya kori ji. Yanzu da yawansu hoto kawai suke gani a WhatsApp, su turo kuɗi, su jira kaya a bakin ruwa. Idonsu da kunnensu sun koma hannunmu. In mun faɗi gaskiya sun tsira, in mun yi shiru a kan aibi sun shiga uku, kuma mayar da kaya ta kogi ya fi kuɗin kayan tsada. Saboda haka ga wurare huɗu da muka ga ana yawan cutuwa, wani lokaci da gangan, sau da yawa don rashin sani.

Na farko shi ne awo. Muna zaune tsakanin ma'auni biyu. Kayan da ke fitowa ta Kamba da Birnin Kebbi da inci da ƙafa ake kiransu, na Kwatano da Faraku kuwa da santimita da mita. Inci ɗaya santimita 2.54 ne. Katakon Najeriya mai ƙafa 12 mita 3.66 ne, bai kai mita 4 ba. Wani ɗan'uwanmu a nan ya taɓa tura wa mai rufin ɗaki dogayen katakai na Najeriya alhali mutumin da mita 4 ya yi lissafi. Kowane guda ya gaza da kusan santimita 34, aiki ya tsaya, zumuncin shekaru ya lalace a kan abin da tambaya ɗaya za ta gyara. Haka abin yake a ƙarfe. Faifan zarton inji na Turai raminsa yawanci milimita 30 ne, na Amurka kuwa yawanci bai wuce milimita 16 ba, kuma sifanar inci ba ta kama notin milimita yadda ya kamata. Kafin a ɗaure kaya, a tambayi mai saye da wane awo yake aiki, a rubuta masa duka biyun.

Na biyu shi ne wuta. Benin da Nijar da Najeriya duka a kan bolt 220 zuwa 230 suke. Amma cikin tsofaffin injinan da ke sauka a tashar ruwa ta Kwatano akwai na Amurka, waɗanda aka ƙera don bolt 110 zuwa 120. Suna da kyau, suna da ƙarko, amma in aka jona su kai tsaye hayaƙi ne zai tashi. Akwai kuma manyan injinan goge katako masu son wuta mai layi uku, wadda ƙaramin janareton shago ba ya bayarwa. Duk wannan a rubuce yake a ɗan farantin da ke jikin inji. Wanda bai iya karantawa ba ya kira yaronsa ya karanta masa, babu kunya a ciki. Sannan kada mu sayar da injin da ba mu san inda za a sami gawayinsa da bel ɗinsa ba. Injin da babu kayan gyaransa a tsakanin Kandi da Dosso ƙarfen awo ne, ko da sabo ne fil.

A nan ne maganar jabu ta shigo. Kowa ya san akwai kayan da ke ɗauke da sunan Bosch ko Makita alhali ba daga gidajen suka fito ba. Ba mu ce a daina sayar da mai araha ba. Yaron da ya gama koyon aiki yau ba shi da kuɗin na asali, haka ma malamin makarantar da ya yi ritaya yake ƙera benci a gida don sha'awa. Abin da muke cewa shi ne a kira kowane da sunansa. A ce wannan na asali ne, wannan kwaikwayo ne, ga kuɗin kowanne. Mai saye ya san araha ba ta ado, ya zaɓa da idonsa buɗe.

Na uku shi ne danshin katako. Tek da melina da ke zuwa mana daga kudu da tsakiyar ƙasa sun baro wuri mai laima, sun iso inda hunturu ke tsotse ruwa daga komai. Katako yana motsewa ne ta faɗinsa, tsawonsa kusan ba ya taɓuwa. Shi ya sa ƙofar da aka haɗa da ɗanyen falanki a watan Oktoba, kafin Fabrairu ta tsage ta buɗe baki har ana hango tsakar gida. Kafinta ake zagi, amma mu muka san ranar da aka sauke kayan daga mota. Maganinsa haƙuri ne: a jera falankai a inuwa, nesa da ƙasa saboda gara, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane jeri don iska ta ratsa, a ba su watanni. Wanda ba zai iya ɗaure kuɗinsa haka ba, ya faɗa wa mai saye cewa ɗanye ne, ya rage masa.

Na huɗu shi ne takarda. Madobiya ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES ke sa wa ido tun farkon 2017, bayan da aka kusa ƙarar da ita saboda kasuwar Sin. A 2022 aka amince a ƙara maɗaci da kawo. Ma'anarsa, ƙetara iyaka da katakonsu ba tare da izini ba laifi ne, kuma ma'aikatan gandun daji da na duwan suna da ikon riƙe kayan. Ban da doka ma, mu da ke maƙwabtaka da gandun W, kuma muka san darajar giginyoyin Gaya da ake yin azara da su, mun san cewa itacen da aka sare yau sai jikokinmu za su ga madadinsa. Katakon da ba shi da takarda, komai arharsa, mu bar shi inda yake.

A kan haka muke roƙon ƙungiya ta amince mana da abubuwa uku. A buga takardar ciniki guda da kowane ɗayanmu zai riƙa cikewa, mai nuna awo da ƙarfin wuta da asalin kaya da ranar da katako ya sauka. A sayi na'urar gwada wuta da ta auna danshin katako a ajiye a ofis, kowane memba ya iya amfani da su. Sannan a naɗa dattawa daga nan da kuma hayin kogi, waɗanda za a kai wa ƙara in kaya sun saɓa wa abin da aka faɗa, a sasanta kafin magana ta kai ga hukuma.

Ba mu da iko a kan gada, buɗe ta da rufe ta na manya ne. Abin da ke hannunmu shi ne duk ranar da kafintocin hayi suka dawo kasuwa da ƙafarsu, su zo suna neman rumfunanmu da suna, saboda abin da muka tura masu lokacin da ba su gani shi ne abin da muka faɗa.