A ɗaure reshe tun bai karye ba

Jawabin malamin gona ga masu garka



Yau maganar mangwaro za mu yi, mu ɗan taɓa lemu da gwaba. Kun san lokacin da mangwaro ke nuna: watan Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara. To, wajen ƙarshen bazara ne kuma hadarin farko ke tasowa da iska mai ƙarfi. Reshe ya sunkuya don nauyin ɗiya, iska ta zo ta murɗe shi. Da safe mai garka ya tarar da rabin icce a ƙasa. Daga Madarunfa har Mirya ana ganin haka. Kuma ba ɗiyan bana kaɗai aka rasa ba. Reshen da ya yi shekara 10 yana girma ya tafi ke nan, raunin da ya bari kuwa ƙofa ce ga ruɓa da gara.

Ku fara da duba inda rassa suka rabu. Ku ɗaga hannu, ku buɗe babban yatsa da manuni. Reshen da ya fita a buɗe haka yana da ƙarfi. Yanzu ku dubi manuni da yatsan tsakiya. Rassan da suka tashi a matse haka, su ne abin tsoro. Ɓawo ya shige tsakaninsu, jikinsu bai haɗe ba. Nan icce ke tsagewa.

In reshe na kusa da ƙasa, gwafa ta isa. Ku ɗora gindinta bisa dutse saboda gara, ku sa tsumma a bakinta. Amma a garkar da bisashe ke shiga, gwafa ba ta daɗewa tsaye.

Reshen da ke sama, waya yake so. Ku nemi mai kauri wadda ba ta tsatsa. Igiyar kaba da wuya ta wuce damina guda, ta leda kuwa rana na cin ta. Ana ɗaure reshe mai rauni ga wani mai ƙarfi da ke fuskantar sa. Kada ku ɗaure kusa da maraba, ba ya riƙe komai. Ku raba tsawon reshen gida 3, daga maraba zuwa kai, ku hau gida 2, ku ɗaure nan. In reshe mitir 3 ne, ɗauri na mitir 2.

Ga wurin da mutane da yawa ke ɓata aiki: naɗa waya tsirara a jikin reshe. Abincin da ganye ke haɗawa ta ƙarƙashin ɓawo yake sauka zuwa saiwa. Reshe na ƙara kauri kowace shekara, waya ba ta ƙaruwa. Sai ta nutse, ta shaƙe shi. Na taɓa ganin mangwaro mai aure da mai shi ya kashe wa babban reshe da hannunsa, yana cewa taimako ya yi. Ku je wajen mai faci ku karɓo tsohuwar taya, ko guntun tiyo. Ku zura waya ciki, roba ce za ta taɓa ɓawo. Ku bar zoben da faɗi, yadda yatsu 2 za su shiga.

Ku ninka wayar biyu, ku sa sanda tsakiya ku murɗa har ta miƙe. Da ta miƙe ku tsaya. Ba kiɗan gurmi za a yi da ita ba. Reshe na bukatar ɗan motsi cikin iska.

Ƙaramin icce, kamar lemu ko gwaba, a kafa dogon sanda jikin gindi, a ɗauro rassa daga kansa, kamar laima.

Reshen da ya ruɓe ko gara ta cinye cikinsa, kada ku ɓata waya. Ku yanke shi da zarto. Yara na zama ƙarƙashin mangwaro.

Lokacin aikin nan shi ne ɗari, da fure ya fito, tun rassa ba su yi nauyi ba. Bayan an gama tsinka, ku hau ku duba kowane ɗauri, ku sassauta wanda ya matse. Wanda bai gane wurin ɗauri ba, ya kira malamin gona na yankinsu ya nuna masa a jikin icce.