Littafin Gwanjo Da Hatimin Makarantarmu



Mai girma shugaban wannan taro, shugaban makaranta, malamanmu da suka yi mana tarbiyya, yayyena da ƙannena tsofaffin ɗalibai, ina yi muku barka da zuwa. Da aka ce in yi jawabi, wasu sun zaci zan yi magana ne a kan aikin gwamnati da ƙarin girma. To, ku yi mini afuwa, yau a kan wani tsohon littafi zan yi magana, wanda na shafe shekaru ina bin 'yan gwanjon littattafai ina tara kwafe-kwafensa, har maiɗakina ta fara tambaya ko lafiya.

Sunan littafin Under the Mountain Wall. Wani Ba'amurke mai suna Peter Matthiessen ne ya rubuta shi, aka buga a 1962. A 1961 ya bi ayarin masu bincike na Jami'ar Harvard zuwa kwarin Baliem, a tsaunukan yammacin tsibirin Niyu Gini, inda ya zauna na wasu watanni cikin mutanen da ake kira Dani. A lokacin yankin yana hannun Holan, a 1963 ya koma hannun Indunusiya. Mutanen waje ba su san da wannan kwari ba sai a 1938, da Richard Archbold ya hango shi daga jirgin sama, ya ga gonaki a tsare da magudanan ruwa, cike da jama'a.

Mutanen Dani manoman dankali ne, aladu kuwa su ne dukiyarsu, kamar yadda shanu suke ga Bafulatani: da su ake aure, da su ake biyan diyya. A wancan lokacin da gatarin dutse suke sara, suna kwana a bukkoki masu rufin ciyawa. Gishiri kuwa, ɓawon jikin bishiyar ayaba suke jiƙawa a wani tafki mai ruwan gishiri, su busar, su ƙona, su yi amfani da tokar. A lokacin suna da dogayen hasumiyoyi na itace a bakin iyaka, inda ake tsaron abokan gaba. A zamanin akwai kuma al'adar da ta tayar mini da hankali, ta yanke wa 'yan mata gaɓar yatsa idan an yi rashi a gida.

Kwafin farko na saye shi ne a gefen titi ina jami'a, amma gara ta cinye ƙarshensa. Na nemi na biyu don in ƙarasa labarin, shi kuma babu hotuna. Daga nan abin ya zama mini jiki. Sai na lura kowane kwafi yana ɗauke da sawun wanda ya karanta shi. A wani, an rubuta "jahilai" da jan biro a gefen shafi. A ƙasa kuma wani ya amsa masa da fensir cewa wanda ya iya haƙa magudanar da take ciyar da dubban mutane ba jahili ba ne. Waɗannan mutum biyu ba su taɓa haɗuwa ba, amma ga su suna muhawara a kan takarda.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne, marubucin ya cire kansa da abokan tafiyarsa daga cikin labarin, kamar babu wani baƙo a wurin. Amma da idon baƙo muke ganin Dani. Mu ma haka aka yi mana. Heinrich Barth ya zo Kano a 1851 ya rubuta abin da ya gani. Mary Smith ta zauna da Baba ta Karo ta rubuta tarihin rayuwarta, aka buga a 1954. Ɗalibin da bai taɓa riƙe irin waɗannan littattafai ba, yaya zai san abin da aka faɗa a kansa, balle ya gyara inda aka yi kuskure?

Yanzu ga dalilin tsayuwata a gabanku. Kwafi na bakwai da na samu, da na buɗe bangonsa sai na ga hatimin laburaren wannan makaranta tamu. Na tsaya a gaban mai gwanjo jikina ya yi sanyi. Ban san wanda ya fitar da shi ba, ban kuma zo neman mai laifi ba, domin ni kaina akwai littafin lissafi da na ara tun ina aji huɗu, yana gidanmu har yau. Amma da safen nan na leƙa laburaren, na ga kantoci fiye da littattafai.

Saboda haka, ranka ya daɗe shugaban makaranta, ga mai hatimin nan na dawo da shi gida, tare da biyar daga cikin sauran, don aji guda ya iya karantawa tare a yi gardama. Na riƙe guda ɗaya, wanda gara ta ci. Littafin lissafin ma ga shi, tare da neman gafara.

'Yan'uwa, kowa ya koma ya duba akwatinsa. Wanda ya ga hatimi, ya kawo wa sakataren ƙungiya kafin taro na gaba, ba za a tambaye shi komai ba. Wanda bai gani ba, ya tsaya wajen mai gwanjo ya saya mana ko guda ɗaya ne.

Allah ya jiƙan malamanmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya ɗaukaka wannan makaranta.